Daga Tsamiya zuwa Segbana: wa ke da haƙƙin manhajar da ke adana bayananka?

Ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi ƙasa ce ta ruwa da iyaka. Kogin Kwara ya ratsa ta, ta yamma kuma ga Jamhuriyar Benin: Tsamiya na fuskantar Segbana, hanyar Lolo na kai mutum Malanbil. Fatake a nan suna lissafi da naira da sefa, kuma lissafin da a da yake cikin littafin bashi yau ya koma cikin waya da kwamfuta. Haka sunayen ɗalibai a makarantu, da na masu karɓar taki a ƙungiyoyin manoman shinkafa. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa a Kebbi, ya san ruwan da ya ci gona ba zai bar kwamfutar da ke ɗaki ba. Ko ba ruwa ma, akwai ƙura, da wutar janareta mai hawa da sauka, da ɓarawo. Maganin duk wannan shi ne ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban, kuma akwai manhajoji da aka ƙera don wannan aiki kaɗai.

Abin da ya dame ni shi ne irin manhajar da ake sa wa mutane. Sau da yawa mai shagon kwamfuta kan ɗauko manhajar kuɗi da aka fasa makullinta, ya ɗora wa mai kwamfutar, ya ce an gama. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ɗauki manhajar kwamfuta a matsayin rubutu, kamar littafi, kuma ta haramta fasa irin wannan makulli. Ƙetare iyaka ba ya wanke laifin, domin Najeriya da Benin duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa kare aikin marubucin wata ƙasa kamar na ɗanta. Benin na da ofishinta na kare haƙƙin marubuta, BUBEDRA. Bayan doka kuma, ta cikin fasassun manhajoji ƙwayoyin cutar kwamfuta ke yawan shigowa. Wato an ba ɓarawo ajiyar dukiya ke nan.

Alhali ga na halal nan, ba ko sisi. Akwai rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, mai kwafe abin da ya canja kaɗai maimakon maimaita komai, abin da ke da amfani ƙwarai inda data ke da tsada. Akwai Clonezilla daga Taiwan, mai ɗaukar hoton kwamfuta gaba ɗaya. Akwai BorgBackup da restic, masu kulle kwafin da kalmar sirri. Akwai Bacula, ta manyan ofisoshi masu kwamfutoci da yawa. Dukkansu masu su sun buɗe asalin rubutunsu ga duniya, kowa ya karanta, ya gyara.

To amma a nan ne mutane ke yin kuskure. Suna ɗauka tunda ba a biya ba, manhajar ba ta da mai ita. Tana da shi, kuma haƙƙinsa na nan daram. Abin da ya yi shi ne ya rubuta lasisi, wato izini mai sharuɗɗa, kuma da wannan izinin ne kaɗai kwafar ta halatta gare ka. Lasisin ya kasu gida biyu manya. Na farko irin su BSD da MIT, masu sauƙi: yi amfani, gyara, sayar, har ka rufe gyaranka idan ka so, amma kada ka goge sunan marubucin da takardar lasisin. BorgBackup da restic suna wannan gida.

Gida na biyu shi ne GPL, wanda Richard Stallman na Amurka ya fitar a 1989, aka sabunta shi a 1991 da 2007. A ƙarƙashinsa rsync da Clonezilla suke. Sharaɗinsa ya fi ƙarfi, kuma a ganina ya fi adalci ga irinmu: idan ka miƙa wa wani manhajar, ko da gyara ko babu, dole ka miƙa masa irin 'yancin da ka samu, tare da hanyar samun asalin rubutun. Bai hana ka cin kuɗi ba. Matashi a Ka'oje ko Illo na iya zuba Clonezilla a filashi, ya kai wa wata makaranta a Segbana, ya ɗora, ya karɓi ladan aikinsa a sefa, babu wanda zai tuhume shi. Abin da ba zai yi ba shi ne ya ce tasa ce, ya ɓoye rubutun. Idan kuwa gyaran na amfanin shagonsa ne kawai, bai ba kowa ba, ba a bin sa komai. Bacula na kan wani reshe mai suna AGPL, wanda ya ƙara cewa wanda ya gyara manhaja ya kuma bar jama'a suna amfani da ita ta intanet, shi ma sai ya ba su rubutun.

Kada a ɗauka waɗannan sharuɗɗa ado ne. A 2006 wata kotu a Jamus ta yanke hukunci kan kamfanin D-Link saboda saɓa wa GPL. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta ci kamfanin sadarwa na Orange diyya mai yawa saboda irin wannan laifi a kan wata manhaja mai suna Lasso. Ko tsakanin masu buɗaɗɗiyar manhaja rigima kan tashi: lokacin da wasu suka ɓalle daga Bacula suka kafa Bareos, sai da magana ta kai kotu kafin a yi sulhu a 2015.

Sakin layin lasisin da ya fi muhimmanci ga ɗan kasuwar Bagudo kuwa shi ne wanda aka fi tsallakewa, wanda galibi ake rubuta shi da manyan baƙaƙe: babu garanti. Idan kwafin ya lalace, lissafin shekara uku ya salwanta, marubucin bai ɗauki alhaki ba, kuma ya faɗa tun farko. Saboda haka nauyin yana wuyan wanda ya ɗora manhajar da mai bayanan. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba. A riƙa gwadawa, a kuma ajiye kwafi ɗaya a wani gari daban, nesa da fadama.

Bayanan da ke cikin kwafin naka ne, lasisin manhajar bai taɓa su ba. Sai dai idan sun ƙunshi sunayen mutane da lambobin wayarsu, wata doka ce ta shigo: dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan bayanai zuwa wata ƙasa. Wanda zai ajiye kwafi wurin ɗan'uwansa a Malanbil, ko a wani rumbun intanet, ya lura da wannan.

Kirana ga masu shagunan kwamfuta, da malaman makarantu, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma na Bagudo shi ne ku cire fasassun manhajoji, ku ɗora ɗaya daga cikin waɗannan. Kafin ku miƙa wa wani, ku buɗe takardar lasisin da ke cikinta, ku nemi wanda zai karanta muku ita da Hausa, ku kuma bar ta a cikin filashin tare da manhajar.