Kafin ka yarda a sauke maka giyar a-kori-kura

Babu maganar da ke tayar wa mai a-kori-kura hankali kamar bakanike ya ce masa sai an sauke giya. Kuɗin giyar otomatik, ko da ta hannu ce daga Abossey Okai a Accra ko Suame Magazine a Kumasi, yakan cinye ribar watanni, ga mota a ajiye, ga gida na jiran cefane. Amma na sha ganin giyar da aka ce ta mutu, alhali ciwonta na mai ne ko na waya. Shi ya sa nake cewa a bi abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Da farko ka lura da yadda ciwon yake. Ka taka totur, inji ya yi ƙara amma mota ba ta ja ba? Ko tana jinkirin shiga giya da safe, in ta ɗau zafi ta daidaita? Ko dai buga giyar take da ƙarfi? Kowanne da inda ya dosa, kuma bayaninka shi ne rabin aikin bakanike.

Daga nan sai man giya. A motar da ke da sandar awo, ka tsaya a wuri mai baje, inji na aiki kuma ya ɗau zafi, ka zagaya da giyar kowane gurbi ka dawo P, sannan ka auna. In man ya yi ƙasa, giya takan zame. In ya yi yawa, kumfa yake yi. Sabon mai galibi ja ne garau. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna, alama ce faifan kulocin ciki sun sha wuta. In kuwa ya koma kamar an zuba masa madara, to ruwan lagireto ne ya shiga, domin a motoci da yawa ta cikin lagireto man giya ke bi ya huce. An san Nissan Frontier ta 2005 zuwa 2010 da wannan larura a Amurka, don haka mai sayen ta hannu ya duba da kyau. Sababbin motoci da dama ba su da sandar awo, ta ƙasa ake duba su, a zafin da littafin motar ya ƙayyade.

Jan mai fa ba duka ɗaya ba ne. Toyota na da T-IV, tana da WS. Ford na da Mercon V da Mercon LV. Nissan na da Matic S. Kowace giya da irin nata. Zuba wanda ba shi ba kaɗai ya isa ya sa ta riƙa karkarwa ko bugu.

Idan mai lafiya lau yake, a sa kwamfuta. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke zuwa da mahaɗin OBD-II a ƙasan sitiyari. Lambar P0700 tana cewa ne kawai akwai ƙorafi a ɓangaren giya, sai an nemi lambar da ke bayanta. P0715 da P0720 na nuni ga sensocin gudu, na shiga da na fita, P0750 kuma ga solenoid, wato ƙaramin bawul na lantarki da ke buɗe wa mai hanya. Motar da ta maƙale a giya ɗaya, sau da yawa ta uku, kwamfutarta ce ta kulle ta don kare giyar. Kuma lamba ba ta nufin a sayi sabon abu nan take. Soket mai tsatsa, wayar da ɓera ya ci, ko batir mai rauni, duk suna haifar da irin wannan.

Yaushe ne sauke giya ya zama dole? Idan an kwance farantin ƙasa aka tarar da ɓarɓashin ƙarfe, ba ɗan baƙin ƙurar da aka saba gani a jikin maganaɗisu ba, ko an auna ƙarfin famfon mai aka ga ya gaza. A nan kam ba ja.

Babban abokin gabar giyar otomatik zafi ne. Motar da aka labta wa doya daga Techiman fiye da ƙima, ko take hawan tudu da lodi tana ta sauya giya, dafa manta take yi. Ka sauko da giyar da hannunka a tudu, kada ka jefa R mota ba ta tsaya cak ba. In ta mutu a hanya, kada a ja ta nesa tayoyin baya na ƙasa, domin famfon mai ba ya juyawa sai inji na aiki; a ɗora ta a babbar mota ko a cire farfela.

Ni dai abin da nake roƙon kowane mai mota shi ne, kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, ya nemi a nuna masa launin man, da lambar da kwamfuta ta bayar, da abin da ke cikin farantin. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba.