Wane Injin Walda Za Mu Saya?

A da, in garma ta karye a Lajawa, maƙeri muke kai wa. Yanzu kuwa har da mai walda. Shi ke yin ƙofa da taga da amalanke. Samarinmu da yawa suna son wannan sana'a, amma inji da tsada. Wani sai ya sayar da bijimi a kasuwar Wudil ran Juma'a kafin ya samu kuɗinsa. To, kada kuɗin bijimi ya tafi a banza.

Tambaya ta fari ita ce wuta. Akwai babban inji mai nauyi, wanda ake naɗa wa waya a ciki. Yana da ƙarko, in ya lalace kuma ana gyara shi a Kano. Amma yana shan lantarki ƙwarai. In wuta ta yi rauni, sandar walda sai ta riƙa mannewa da ƙarfe, aiki ya tsaya. Mu duba wayar cikinsa. Ta jan ƙarfe ta fi ta alminiyam jure zafi. Mai sayarwa ba kullum yake faɗa ba, sai mun tambaya.

Akwai kuma ƙarami, ana ce da shi inbata. Yaro ma yana iya ɗaukarsa. Ba ya shan wuta da yawa, janareta matsakaici yana tashe shi. Ga mutumin ƙauye, mu dai shi muka fi so, don ana ɗora shi a babur a kai har gona. Sai dai ƙura da ruwa abokan gabansa ne, gyaransa kuma sai gwani.

Waldar gas daban ce, ba ruwanta da lantarki. Ana zuba ruwa a kan kabayid, iska mai kamawa da wuta ta fito, a haɗa ta da oksijin. Ta dace da ƙarfe marar kauri, kamar jikin mota. Tukunyarta tana iya fashewa, saboda haka ba a ajiye ta kusa da murhu.

In mun je saye, mu sa a gwada injin a gabanmu da sanda lamba 12 da lamba 10. Mu rage kuɗin baƙin gilashi na fuska da safar hannu ta fata. Tabarau na rana ba ya tsare ido daga hasken walda.