Karen Gida, Karen Buzaye da Karen Turawa: Wanne Ya Dace da Ƙasar Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi?

A 'yan shekarun nan wata gardama ta shigo majalisun hira na Kasuwar Daji da garuruwan da ke kewaye da ita, wadda iyayenmu ba su san ta ba, wato gardamar irin karen da ya kamata magidanci ya ajiye. Samari masu kallon hotuna a waya suna cewa kare sai na Turawa, mai ƙirar maraƙi da murya kamar tsawa. Dattawa suna cewa wannan ɓarnar kuɗi ce, karen gida ya isa. Mafarauta kuma suna da nasu ra'ayi, domin su ba girma suke nema ba, gudu suke nema da juriya. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, kafin a tambayi irin kare, akwai tambayoyi biyu da suka gabace shi: wane aiki zai yi, kuma daga wane hannu ya fito. Kakanninmu sun daɗe da tsara amsar waɗannan tambayoyi, kuma tsarin nasu ne ake neman saki yanzu.

Matsayin kare a al'ada da addini

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa Bahaushen wannan yanki bai taɓa ajiye kare don sha'awa ba, irin yadda ake yi a Ingila ko Amurka inda kare ke kwana a ɗaki. A nan kare ma'aikaci ne. Ko dai ya bi mafarauci daji, ko ya bi Bafulatani da shanunsa, ko ya tsare gona da garke, kuma makwancinsa gindin rumbu ne ko bakin turke. Wannan ya yi daidai da abin da almajirai ke karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, littafin da ba a rasa shi a makarantun zaure na ƙasar Zamfara. A cikinsa an taƙaita halaccin ajiye kare ga tsaron dabbobi, da tsaron shuka, da farautar neman abinci. Haka nan kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umurni ne kawai.

Masu sharhin Risala sun kawo wani labari da ya dace da zamaninmu. An ce katangar gidan shi Ibn Abi Zaid ta faɗi a lokacin da ake zaman ɗar-ɗar a Ƙairawan, sai ya ajiye kare don tsaro. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Da irin wannan ne malamai da yawa suka halatta karen gadin gida idan akwai tsoro na gaskiya.

Wani hukunci kuma shi ne ya fi tasiri a kan al'adarmu, wato hanin cin kuɗin kare. Sanannen ra'ayi a Malikiyya shi ne ba a sayar da shi, ko da yake Sahnun ya halatta sayar da wanda shari'a ta yarda a ajiye. Saboda haka ne za ka zagaya kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ka ga kara ta shanu, ka ga wurin raƙuma da jakuna da tumaki, amma ba ka ga layin karnuka ba. Kwikwiyo roƙonsa ake yi.

Wannan roƙo yana da ƙa'idojinsa, kuma na ga yadda ake yin sa tun ina yaro. Idan karya ta yi suna wajen kamun zomo ko gadin garke, tun tana da ciki ake zuwa wurin mai ita a yi kamu. Cikin karya wata biyu ne da 'yan kwanaki, wato kimanin kwana 63. Bayan ta haihu ba a ɗaukar ɗan sai ya buɗe ido, ya yi ƙwari, ya fara cin tuwo da kansa. Mai karya ba ya ba kowa. Yana duba ko mai roƙon yana da abin ciyarwa, ko kuwa yaro ne da zai ɗaure shi da igiya kwana uku ya gaji. Wanda aka ba kuma yakan kai goro ko 'yar tukuici, in mafarauci ne ya aika da cinyar naman farko da karen ya kama. Ta haka mutum ya san uwar karensa, sau da yawa ya san uban, ya san ko zuri'ar masu cizon yara ce ko masu bin kaji. Abin da Turawa ke rubutawa a takardar asalin kare, mu a ka muke riƙe da shi.

Karen gida

Karen da muke kira na gida matsakaici ne, gajeren gashi, siririn baki, wutsiya a lanƙwashe, launinsa ja ko fari da ja, wani lokaci baƙi. An daɗe ana raina shi, har wasu 'yan boko suna ɗauka gaurayen banza ne da ba shi da asali. Bincike ya ƙaryata haka. A shekarar 2009 Adam Boyko na Jami'ar Kornel da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin jinin karnukan ƙauyuka a Masar da Yuganda da Namibiya, inda suka nuna cewa akasarinsu tsohon iri ne na Afirka, ba ragowar karnukan Turawa ba. A shekarar 2018 kuma masana daga ƙasar Sin da Nijeriya suka binciki ƙwayoyin halittar karnukan gida na Nijeriya, suka ga alamun cewa jikinsu ya saba da yaƙar ƙananan ƙwayoyin cuta na ƙasashe masu zafi. Wannan bai ba tsofaffinmu mamaki ba. Kare ne da ke rayuwa a kan ragowar tuwo da ƙanzo da dusa, ya shiga zafin bazara na watan Afrilu ya fito, kaska ta kama shi bai kwanta ba.

Aibinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yana da yawo, yana da satar ƙwai, kuma idan aka bar karya ba kula sai ta cika unguwa da 'ya'yan da ba mai so. Amma wannan laifin mai shi ne fiye da laifin iri.

Karen Buzaye

Shinkafi tana kan hanyar da ta bi ta Isa da Sabon Birni ta shiga Jamhuriyar Nijar, kuma ta wannan gefe makiyaya da masu raƙuma suka saba gangarowa da rani. Tare da su akan ga wani kare dogo, siriri, mai zurfin ƙirji da tsukakken ciki, haƙarƙarinsa a fili ko da ya ƙoshi. Mu karen Buzaye muke ce masa. Duniya ta san shi da sunan Azawak, wato sunan kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali. Tsayinsa a kafaɗa yakan kai santimita 60 zuwa 74, nauyinsa kuma bai cika wuce kilo 25 ba. An fara kai shi Turai a shekarun 1970, ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka kuma ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Abin dariya ne a ce Bature yana biyan kuɗi masu yawa don samun karen da ke kwance a gindin raƙumi a maƙwabtanmu, mu kuwa muna hangen na ƙasar ƙanƙara.

Mafarautan ƙasar Zurmi da na bakin gulbin Bunsuru sun daɗe da sanin darajarsa, kuma gaurayen da suka fi so shi ne na karen Buzaye da karyar gida: a samu ƙafar uba da juriyar uwa. A ganina wannan shi ne gauraye ɗaya tilo da aka jarraba shekara da shekaru a ƙasar nan aka ga amfaninsa. Sai dai a sani, karen Buzaye mai mutum ɗaya ne. Ba ya sakin jiki da baƙo, kuma yana buƙatar fili. Wanda ya ɗaure shi a ɗan tsakar gida cikin garin Kaura ya zalunce shi.

Karnukan Turawa

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, Turawan kamfanonin gyaɗa da auduga da ma'aikata daga kudu suka fara zama a garin, mutane suka fara ganin karnukan da ba irin nasu ba. Amma abin kallo ne kawai. Abin da ya mai da su abin nema shi ne taɓarɓarewar tsaro, tun daga satar shanu da ta yi ƙamari wajen 2011 har zuwa satar mutane, da ta kai gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako a 2021. Mutumin da ba ya barci da ido biyu ba a zarginsa don ya nemi abin da zai tsare masa ƙofa.

Iri huɗu aka fi ambata. Akwai Alsashiyan na Jamus, wanda aka kafa irinsa a 1899 don kiwon tumaki, shi ne kuma 'yan sanda suka fi amfani da shi. Yana da basira ƙwarai, amma zuri'arsa na fama da ciwon ƙugu na gado, kuma zazzaɓin kaska yana kayar da shi da sauri. Akwai Rotwaila, shi ma na Jamus. Akwai Bowabul na manoman Afirka ta Kudu, wanda namijinsa kan wuce kilo 60. Sai Kokeshiyan, karen duwatsu masu dusar ƙanƙara, mai gashi kamar bargo. Duk wanda ya san yadda zafi ke wuce awo 40 a nan kafin faɗuwar damina, ya san ajiye wannan na ƙarshe azabtarwa ce, kuma addini ya hana azabtar da dabba.

Ga kuma ciyarwa. Kare mai kilo 60 ba ya rayuwa a kan ƙanzo. Nama yake so kullum, da magani, da likita, likitocin da suka ƙware a kansa kuwa sai a asibitocin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Na san gidajen da aka sayi irin wannan kare da murna, bayan wata shida aka koma ɗaure shi da sarƙa cikin yunwa. Babban kare mai yunwa a gidan da yara ashirin ke shiga da fita, ga almajirai masu bara a zaure, haɗarinsa ga mutanen gida ya fi haɗarinsa ga ɓarawo. Sa'an nan a faɗi gaskiya, babu karen da ke tsayawa gaban bindiga. Amfanin kare a daren tsoro shi ne haushinsa, ya tada mutane da wuri, kuma a wannan fanni karen gida mai kunne kamar zomo ba ya bayan kowa.

Inda matsalar ta fi muni shi ne abin da ake sayarwa da sunan waɗannan iri. Yawancin 'yan kwikwiyon da ake nunawa a keji a bakin titin manyan birane, ko ake tallarsu a Facebook da WhatsApp, barbarar yanyawa ce, ba wanda zai nuna maka uwa balle uba. An raba su da nono tun suna mako uku ko huɗu, alhali likitocin dabbobi suna cewa a bar su da uwa mako takwas. Irin waɗannan ne gudawar jini ta 'yan kwikwiyo ke kashewa cikin kwana kaɗan, wanda ya rayu kuma ba ka san halin da ya gada ba.

Ciwon hauka da hanyar da kare ya biyo

Dalilin da ya sa na nace a kan sanin hannun da kare ya fito ba na tarihi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Kare kuma yana iya ɗauke da ƙwayar makonni ko watanni kafin ya nuna komai.

Akwai fataucin karnuka da ke kwasarsu daga garuruwan arewa da Nijar zuwa kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato, daga can kuma a wuce da su kudu. Karnukan da ke shiga wannan hanya ana cusa su a keji ɗaya, mai lafiya da maras lafiya, na saye da na sata, kuma binciken likitocin dabbobi ya sha gano ƙwayar hauka a ƙwaƙwalwar waɗanda aka yanka alhali ana ganin lafiyarsu lau. Saboda haka babban karen da baƙo ya kawo maka a kan babur da araha, ba ka san garinsa ba, ba abin karɓa ba ne ko da kyauta. Haka nan karnukan da suka rasa iyayen gida bayan an tashi ƙauyuka saboda hare-hare, suna yawo a bayan gari, tausayinsu daidai ne, amma kada a bar yara su jawo su gida.

Abin da zan ƙara a kan tsarin kakanninmu guda ɗaya ne, wato allura. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin haukan kare, ana kuma samun ta ta hannun ma'aikatan lafiyar dabbobi. Ana yi wa kwikwiyo idan ya cika wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, a ajiye takardar shaida. Mafarauta da makiyaya su suka fi bukatar wannan, domin karnukansu ne ke haɗuwa da dila da sauran namun daji. Idan kuma kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar don a fara masa allura. Karen kuma, in an san mai shi, a tsare shi a sa masa ido kwana goma.