IGIYAR WASAKI DA RUWAN RANDA

Ɗan'uwa manomi, gobe da hantsi ka tsaya bakin rijiyar garinku lokacin shayar da bisashe, ka bi igiyar wasaki da ido. In sa ko jaki ke ja, igiyar tana jan ƙasa metir 30 ko 40, ta cikin caɓi da kashin shanu. Sa'an nan a sake zura ta cikin rijiya da duk abin da ta kwaso. Haka ake yi tun safe har azahar, kuma ruwan nan uwargida za ta juye a randa.

Rijiyar siminti, irin waɗanda OFEDES ta gina a garuruwanmu, ruwanta yakan fito da tsabta, domin yashi ya tace shi. A baki yake ɓaci.

Wani zai ce haka kakanninmu suka sha. Gaskiya ne, amma tambayi tsofaffi labarin kurkunu. Ruwan tabki ke kawo shi, ya yi wajen shekara a jiki, ya fito a ƙafa daidai lokacin noma, ya kwantar da magidanci gero yana cikin haki. Da aka dage da tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai ciwon shiga tabki, sai ya ɓace. A 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida babu shi a Nijar.

Ƙwayar kwalara da ta zawon yara ta fi ta kurkunu ƙanƙanta nesa, ƙyalle ba ya tare ta duka. A damanar 2018 kwalara ta ɓarke a Madarunfa. A 2021 ta dawo jihohin Maradi, Damagaram da Tawa da wasu, mutum fiye da 5,000 suka kamu, fiye da 150 suka rasu. Daga bayan gidan mai ciwo take shiga ruwa.

To, igiya kada ta kwanta cikin caɓi. Ku janye komin shayarwa nesa da bakin rijiya, ku yi masa magudana, ku zuba tsakuwa a hanyar da igiya ke bi, ku yi shingen ƙaya. Gugar ruwan sha a ware ta, a kafa mata itace mai gwafa a riƙa rataye ta. Kowa ya zo da tasa guga daga gida, kowa ya kawo daudar gidansa.

Salanga kuwa, a gina ta aƙalla metir 30 daga rijiya, ta wajen gangare. Ku mutanen Gulbin Maradi ku fi kowa kula, domin ruwanku yana kusa, rami mai zurfi yana iya tarar da shi.

Ga wadda ta fi ɓata mini rai, ni malamin gona: bidon maganin ƙwari da ya ƙare, a wanke shi a ba yaro ya ɗebo ruwa. Wanki ba ya fid da guba. A huda shi, kada kowa ya sake zuba kome a ciki.

In ruwa ya iso gida, ƙwayar Aquatabs tana kashe cuta. Kai da ka yi yaƙi da jahilci, karanta wa uwargida adadin lita da ke rubuce jikin takardar, ku jira minti 30 kafin a sha. Randa ta sami marfi, moɗa ta sami wurin ratayewa.