Tiransifa da Kuɗin Ruwan Asusun Ajiya: Gaskiya da Jita-jita

Kuɗin ruwan da bankunan kasuwanci a Najeriya suke biya kan asusun ajiya ba kyauta ba ne da banki yake bayarwa in ya ga dama. Babban Bankin Najeriya, CBN, shi ya ɗora musu shi a cikin kundin cajin bankuna, wanda bugunsa na 2020 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun shekarar. Kundin ya ce mafi ƙarancin abin da za a biya mai ajiya a shekara shi ne kashi 30 cikin 100 na ma'aunin kuɗin ruwan Babban Bankin, wato MPR. Amma tare da wannan umarni akwai sharaɗi: wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ba shi da haƙƙin ruwan wannan watan. Daga wannan gajeren sharaɗi ne akasarin maganganun da ake ji a garuruwan kudancin Kaduna irin su Kafanchan, Zonkwa, Kwoi da Kachia kan cewa banki yana cinye ruwan ajiya suka samo asali. Wasu daidai ne, wasu an ƙara musu gishiri, wasu kuma ba su da tushe balle makama.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce bankunan Najeriya ba sa biyan komai kan asusun ajiya. Wannan ba gaskiya ba ne, amma ana iya gane inda ta fito. A watan Satumban 2020, lokacin annobar korona, CBN ya rage mafi ƙarancin ruwan daga kashi 30 zuwa kashi 10 cikin 100 na MPR, kuma a cikin watan nan MPR ɗin ya sauka zuwa 11.5. Ma'ana, mai ajiya yana samun kashi 1.15 cikin 100 a shekara. Wanda ya ajiye ₦100,000 bai samun ko ₦100 a wata, kuɗin alat kaɗai ya isa ya lashe ta. Kusan shekara biyu aka yi a haka, har mutane suka daina duba wannan layi a bayanin asusunsu. Daga 1 ga Agusta, 2022 aka mayar da kashi 30, sannan MPR ya yi ta hawa: 18.75 a Yulin 2023, 22.75 a Fabrairun 2024, har 27.5 a Nuwamban 2024. Kashi 30 na 27.5 shi ne 8.25. A wannan ma'auni, ₦500,000 da ta kwana wata guda a asusu tana kawo kimanin ₦3,400. A Satumban 2025 an rage MPR zuwa 27, mafi ƙarancin ruwan ya koma 8.1. Ruwan yana nan, amma jita-jitar ta tsaya a 2021.

Magana ta biyu ita ce tura kuɗi ta waya yana kashe ruwan ajiya. Wannan gaskiya ce idan an wuce iyaka, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Sharaɗin cirewa sau huɗu ya dace da zamanin da cire kuɗi yake nufin shiga mota daga Kagoro ko Gidan Waya zuwa Kafanchan, a cike takarda, a bi layi a gaban kanta. A wancan zamani da wuya mutum ya yi hakan sau biyar a wata. Tun da kamfanin NIBSS, mai haɗa hada-hadar bankunan ƙasar, ya buɗe hanyar tura kuɗi nan take a 2011, sai ma'anar cirewa ta faɗaɗa. Sauyin fasalin naira da aka sanar a Oktoban 2022, da ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023, su suka ƙarasa aikin: mai tumatir, mai acaɓa, mai shago, kowa ya koma karɓar tiransifa. A aikace bankuna suna lissafa duk fitar kuɗin da mai asusu ya yi da kansa, ko a kanta, ko a na'urar ATM, ko wajen mai POS, ko ta manhajar waya, ko ta danna lambobin banki. Sayen katin waya daga asusu da biyan kuɗin wuta ma fitar kuɗi ne.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne yawan cirewar ake ƙirgawa, ba girman kuɗin ba. A ɗauki manomin citta daga ƙasar Jaba ko Kachia wanda ya sayar da busasshiyar cittarsa da rani, ya ajiye ₦500,000 yana jiran shuka a watan Afrilu ko Mayu. Idan ya cire ₦200,000 sau ɗaya ya sayi iri, wanda tsadarsa ta zama abin magana tun bayan cutar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, zai ci ruwa kan abin da ya rage. Idan kuwa ya tura wa ɗan ƙwadago ₦3,000 yau, ya tura wa ɗiyarsa a makaranta ₦5,000 gobe, ya biya mai taki, ya biya mai ɗaukar kaya, sannan ya sayi katin ₦500, to wannan katin shi ne na biyar, kuma zai iya jawo masa asarar sama da ₦3,000 a watan. Gaba ɗaya abin da ya fitar wataƙila bai kai ₦30,000 ba. Babu alat da zai zo ya sanar da shi, ƙarshen wata kawai zai wuce shiru. Wannan shirun shi ne babban aibin tsarin, domin asarar da ba a gani ba ba a neman dalilinta.

Najeriya ba ita kaɗai ta san irin wannan ƙa'ida ba. A Amurka an daɗe ana taƙaita tura kuɗi daga asusun ajiya zuwa sau shida a wata, har sai da babban bankin ƙasar ya janye wajabcin a Afrilun 2020. Hujjar bankuna ɗaya ce a ko'ina: suna biyan ruwa ne kan kuɗin da suke sa ran zai zauna, don su bayar da shi bashi. Hujjar tana da ma'ana, amma iyakar sau huɗu ta yi wa zamanin waya kaɗan, musamman ga ma'aikacin ƙaramar hukuma ko malamin makaranta wanda asusu ɗaya gare shi, a cikinsa albashi yake shiga, daga cikinsa ake cefane.

A gefen wannan gaskiya an yi ƙari biyu. Na farko, wai kuɗin da aka turo wa mutum ma yana shiga lissafin. Ba haka ba ne. Cirewa ce kundin ya ambata, don haka mai shago a kasuwar Kafanchan zai iya karɓar tiransifa ɗari a wata ba tare da ta taɓa masa haƙƙinsa ba, sai ma ta ƙara yawan kuɗin da ake lissafa ruwan a kansa. Na biyu, wai wanda ya wuce iyaka sau ɗaya ya rasa ruwan shekarar baki ɗaya. Shi ma ba haka ba ne. Lissafin na wata-wata ne, ana sake shi daga farko a sabon wata, kuma ruwan da aka riga aka zuba a watannin baya ya zama na mai asusu. Yawancin bankuna suna tara ruwan ne kullum bisa abin da ya kwana a asusu, su zuba shi a ƙarshen wata. Wasu nau'o'in asusu suna da nasu ƙarin sharuɗɗa, kamar mafi ƙarancin kuɗin da dole ya zauna, kuma waɗannan suna rubuce a takardar da aka sa wa hannu ranar buɗe asusun.

Sai batun cajin da ake gani yana fita kaɗan-kaɗan, wanda mutane suke haɗawa da ruwan ajiya alhali hanyarsu daban. Kundin 2020 ya tsara kuɗin tiransifa daga banki zuwa wani banki mataki uku: ₦10 ga abin da bai wuce ₦5,000 ba, ₦25 daga nan zuwa ₦50,000, da ₦50 ga abin da ya haura haka. A kan wannan cajin ake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, ba a kan kuɗin da aka tura ba. Akwai kuma wata ₦50 dabam da ake cirewa kan tiransifar ₦10,000 zuwa sama. Wannan ba ta banki ba ce, ta gwamnati ce, dokar kuɗi ta 2020 ce ta kafa ta. Shekaru ana cire ta daga mai karɓa, a Disamban 2024 ta iso ga manhajoji irin su OPay, PalmPay da Moniepoint, sannan daga 1 ga Janairu, 2026 sabuwar dokar haraji ta mayar da ita kan mai turawa. Ba a cire ta idan mutum ya tura kuɗi tsakanin asusunsa biyu a banki ɗaya. Daga 1 ga Maris, 2025 kuma an soke cirewa uku na kyauta a ATM ɗin bankin da ba na mutum ba, aka sa ₦100 kan kowace ₦20,000.

Waɗannan caje-caje ba sa rage ma'aunin ruwan, amma ga ƙaramin mai ajiya sakamakon kusan ɗaya ne. ₦20,000 a kashi 8.25 tana kawo ƙasa da ₦140 a wata. Tiransifa biyu, alat kaɗan da kuɗin kula da kati na ₦50 duk wata uku sun isa su share ta. Don haka wanda ya ce bai taɓa ganin amfanin ruwan ba bai yi ƙarya ba, dalilin ne bai gano daidai ba. Abu ɗaya da bai kamata a gani a asusun ajiya ba shi ne kuɗin kula da asusu na naira ɗaya kan kowace dubu, domin kundin ya keɓe shi ga asusun hada-hada da ake kira karant. Wanda ya gan shi a nasa yana da hujjar kai ƙara ga bankinsa, in ba a warware ba ya kai wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN.

Haraji ya haifi tasa jita-jitar. Gaskiya ne banki yana riƙe kashi 10 cikin 100 a matsayin haraji, amma daga ruwan da aka samu ne, ba daga uwar kuɗin ba: ₦3,400 takan koma ₦3,060. Harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin 100 kan tiransifa, wanda CBN ya umarci bankuna su fara cirewa a Mayun 2024, an janye umarnin a cikin watan nan bayan koken jama'a, amma har yanzu akwai masu rantsuwa cewa shi ke cin kuɗinsu. Haka a ƙarshen 2025 aka yi ta yaɗa cewa sabuwar dokar haraji, wadda aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, za ta riƙa yankar kaso daga duk abin da ke cikin asusu. Dokar kan kuɗin shiga da ribar sana'a take magana, ba ta ɗora haraji kan ajiya ba.

Akwai kuma tsoron cewa asusun da aka bari ba a taɓa shi ba gwamnati za ta kwashe shi, abin da ke sa wasu su riƙa motsa kuɗinsu ba gaira ba dalili, har su faɗa cikin tarkon sau huɗun. Ƙa'idojin da CBN ya fitar a Yulin 2024 sun ce asusu yana zama mai barci bayan shekara guda babu hada-hada, amma idan mai cin ruwa ne yana ci gaba da cinsa. Sai ya shekara goma a haka ake mayar da kuɗin wani asusun amana a Babban Banki, kuma mai shi ko magadansa suna da ikon karɓa.

Duk wannan lissafi na MPR bai shafi bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa ba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019 da Lotus a 2021. A can abin da mai ajiya yake samu kaso ne daga ribar da aka juya kuɗin aka samu, bisa yarjejeniyar mudaraba, kuma ba a yanke adadinsa tun farko. Cajin tiransifa da ₦50 ta gwamnati dai suna kan kowa.

Mafitar da ƙa'idar kanta ta bari a buɗe ita ce raba ajiya da cefane. Kuɗin da ake son ya zauna a bar shi a asusu ɗaya, sau ɗaya ko biyu a wata a tura dunƙule zuwa asusu na biyu ko manhajar waya, daga can a yi ta biyan ƙananan buƙatu. Wanda ya san ba zai taɓa kuɗinsa ba sai bayan wata uku ko shida, kamar mai jiran lokacin shuka ko kuɗin makaranta, ajiyar wa'adi ta fi dacewa da shi, domin ana daidaita ruwanta tsakanin banki da mai kuɗi, ko da yake cire ta kafin lokaci yana jawo tara daga ruwan. Ko a hakan dole a auna abin da ake samu da tsadar kaya: a Disamban 2024, lokacin da asusun ajiya yake biyan kashi 8.25, hauhawar farashi, a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta kai kashi 34.8 cikin 100.