George Fox da Limaman Ingila

Shirinmu na yau zai kai mu Ingila, wajen wani ɗan masaƙi mai suna George Fox, wanda aka haifa a 1624 a wani ƙauye na yankin Leicestershire.

Yana da shekara 19 ya bar gida. Zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya shiga bin limaman coci ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai warkar masa da damuwa. To, ku saurari abin da ya samo, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa. Wani tsohon limami a Mancetter ya saurare shi, sai ya ce ya je ya sha taba, ya riƙa rera Zabura. Taba fa, jama'a! Saurayin ba ya shan taba, kuma ba shi da zuciyar waƙa. Wani babban malami a Coventry, Dakta Cradock, suna tafe cikin lambunsa suna tattaunawa, sai ƙafar Fox ta taka gefen furanninsa. Malam ya fusata kamar gidansa ne ya kama da wuta, zance ya mutu a nan. Na uku kuwa cewa ya yi a zubar masa da jini.

A wajen 1647, in ji Fox, ya ji wata murya a cikin zuciyarsa tana shaida masa cewa Almasihu kaɗai ne zai iya magance halin da yake ciki. Ya kuma yanke hukunci: karatu a Oxford ko Cambridge ba shi ke mai da mutum mai wa'azi ba. Ya ƙi kiran gini coci, ya ce coci mutane ne. Mabiyansa suka ƙi biyan zakkar da ake ciyar da limamai da ita, suka ƙi cire hula ga manya. Taronsu kuwa zama ne shiru, babu mumbari, babu limami. Wanda ya ji Ruhu ya motsa shi, mace ko namiji, ya miƙe ya yi magana.

Hukuma ba ta ƙyale shi ba. An kulle shi a Nottingham a 1649 don ya katse mai wa'azi a tsakar coci. A Derby, 1650, wani alƙali ya laƙaba wa Fox da mabiyansa sunan Quakers, wato masu makyarkyata, don Fox ya ce masa ya yi rawar jiki gaban maganar Ubangiji.

Amma ni ga inda nake ɗan murmushi. Mutumin da ya raina mumbari, a 1652 ya hau dutse a Firbank Fell ya yi wa mutum sama da dubu wa'azi na kusan awa uku. Awa uku! Daga baya kuma shi ya tsara tarurrukan wata-wata masu kula da ɗa'ar mabiya, har wasu abokansa suka ce ai cocin da aka gudu ne ke dawowa ta bayan gida.

Lokaci na hararar mu. Fox ya rasu a 1691. A 1902 'yan mishan na Quakers daga Amurka suka sauka a Kaimosi, yammacin Kenya, kuma yau Kenya ce ta fi kowace ƙasa yawan mabiya wannan ɗariƙa. Yawancin majami'unsu a can suna da fastoci, da waƙoƙi, da wa'azin ranar Lahadi.