Surya Bonaly da alkafurar Nagano

A wasan zamiya bisa ƙanƙara, alƙalai ne ke ba da maki. Cikinsa ne Surya Bonaly, baƙar fata ƴar Faransa, haifaffiyar birnin Nis a shekara ta 1973, ta yi suna. Sau tara tana zakarar Faransa, sau biyar a jere tana zakarar Turai, daga 1991 zuwa 1995. Amma a gasar duniya sau uku tana zuwa ta biyu. A 1994, a ƙasar Japon, ta cire lambar azurfa daga wuyanta gaban jama'a, don tana ganin an zalunce ta.

A wasannin Olimpik na Nagano, a 1998, da ta ga lamba ta kuɓuce mata, sai ta yi alkafura ta baya, wadda doka ta hana, ta dira bisa ƙafa ɗaya. Alƙalai suka rage mata maki, ta zo ta goma. Ƴan kallo kuwa suka ɗauki tafi.

Daga baya ta koma Amurka tana koyar da wasan. A 2024 hukumar wasan ta duniya ta ɗage haramcin alkafurar.